Littafin aikin injin ɓarar gyaɗa na rukuni na uku

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau Malam ya kasa mu biyar-biyar, ya ce a wannan zangon babu wanda zai ci darasin zane da kwamfuta da zane kaɗai. Kowane rukuni zai zaɓi abu ɗaya, ya zana shi, ya ƙera shi, ya kawo shi gaban aji yana aiki. Kuma dole a riƙa rubuta abin da aka yi da ranar da aka yi shi, har da ɓarnar da aka tafka. Ni aka ɗora wa rubutun, wai hannuna ya fi karantuwa.

Rukuni na ɗaya sun ɗauki murhu mai tsimin gawayi, na biyu keken guragu. Mu mun kusa awa guda muna ja-in-ja, sai Bahaɗejen cikinmu ya ce a gidansu duk kaka hannun ƙannensa har tsagewa yake yi saboda ɓarar gyaɗa. Nan take muka tsaya a kan injin ɓarar gyaɗa na hannu, wanda ba ya bukatar wuta ko fetur. Da Malam ya ji sai ya yi dariya ya ce garin da ya taɓa tara dalar gyaɗa ai bai kamata a rasa mai ƙera masa wannan ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kwamfutocin ɗakin zane goma sha ɗaya ne ke tashi, mu kuma mun haura arba'in. Saboda haka muka koma kan laftof ɗin ɗaya daga cikinmu, wadda batirinta ke riƙe wuta awa ɗaya da 'yan mintuna in an lallaɓa ta. SolidWorks, manhajar zanen injiniyoyi, ya fi ƙarfinta, ga kuɗin lasisi. Muka sauke FreeCAD, wanda kyauta ne, kuma mun taki sa'a domin a Nuwambar da ta wuce aka fitar da sigarsa ta 1.0, mai ɗauke da sashen harhaɗa sassa a cikinta.

Darasin yau a kan ɗaure zane ne. Idan ka ja layi, manhajar ba ta san tsawonsa ba, ba ta san ko a miƙe yake ko a karkace ba, sai ka gaya mata: wannan layin tsawonsa kaza ne, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wancan, wannan da'irar tsakiyarta a nan take. Sai ka toshe duk wata kafa da zanen zai iya motsawa kafin ya koma kore. Nawa ya ƙi komawa kore har aka tashi. Malam ya ce kada mu ɗauka wannan dabarar ta jiya ce, tun 1963 Ivan Sutherland ya nuna ta a jami'ar MIT ta Amurka da shirinsa Sketchpad, yana zane a kan allo da alƙalamin haske, kusan shekara ashirin kafin AutoCAD ya fito a 1982. Ni dai abin da ya dame ni shi ne wani ɗigo guda da ya ƙi zama wuri ɗaya.

Laraba, 22 ga Janairu

Mun kai wa Malam zanen farko muna ta jin kai. Ganga mai juyawa a tsakiya, rariya mai siffar rabin da'ira a ƙarƙashinta, mazurari a sama, mariƙin juyawa a gefe. Har launi muka sa masa. Ya juya shi a allo sau biyu, sai ya tambaya: "Tazarar da ke tsakanin gangar da rariyar nawa ce?"

Shugabanmu ya ce milimita 15.

"Daga ina kuka samo 15?"

Shiru. Gaskiyar magana ita ce a ido ta yi mana kyau. Sai ya buɗe durowa ya miƙo mana ma'aunin baniya, wato abin auna kaurin ƙananan abubuwa, ya ce kada mu sake taɓa kwamfuta sai mun auna gyaɗa. Ya ce injin nan ba mu zai yi wa aiki ba, gyaɗa zai yi wa, don haka ita za a tambaya.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun sayo tiya biyu ta gyaɗa mai ɓawo a Dawanau, muka baje tabarma a ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai muka yi ta awo har la'asar. Guda ɗari muka auna, kowace kaurinta da ɓawo, sannan a ɓare ta a auna ƙwayar. 'Yar'uwarmu, mace ɗaya tilo a rukunin, ita ke rubutawa, kuma ita ta hana mu cinye abin gwajin.

Abin da muka samu: yawancin masu ɓawon kaurinsu tsakanin milimita 11 da 14 yake, ƙwayar kuma tsakanin 7 da 9. Ke nan ramin rariya dole ya fi ƙwaya faɗi ya kuma gaza gyaɗa mai ɓawo, wato wajen milimita 10. Matsalar ita ce akwai 'yan tsirarun da suka tsumbure, da ɓawonsu ma ba su kai 10 ba, waɗannan za su zurare ta rariya ba a ɓare su ba. Bahaɗeje ya ƙara mana wani ciwon kan, ya ce ai gyaɗa iri-iri ce, ta gidansu ta fi wannan ƙanƙanta, ga kuma irin da cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa, kowanne da girmansa. Wannan ya sa muka yanke cewa tazarar ganga da rariya ba za ta zama a kafe ba, dole a iya ƙara ta ko a rage. Za mu fara da 20.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mun shafe makon jiya muna sake zanen daga tushe. Wannan karon 'yar'uwarmu ta dage sai an buɗe teburin lissafi a cikin manhajar an zuba duk manyan lambobi a wuri ɗaya: kaurin sandar juyi, faɗin ganga, tazara, tsayin boris (abin da sandar ke juyawa a cikinsa) daga gindinsa zuwa tsakiyarsa. Kowane sashe daga teburin yake ɗauko lambarsa. Mai laftof ya yi ta mita wai ɓata lokaci ne, shi da ya zana ƙafafun injin da hannu ya buga lambobinsa.

Rariyar ce ta ba mu wuya. Rabin da'irar cikinta milimita 150 ne daga tsakiya, faɗinta 300, muka ce a huda mata ramuka fiye da 400. Da muka ba manhajar umarnin jera ramukan, laftof ta tsaya cak, fankarta tana kuka kamar za ta tashi sama. Muna jira aka ɗauke wuta. Batirin ya ƙare kafin ta farfaɗo, aikin awa biyu ya bi iska domin babu wanda ya adana. Yanzu doka ce: duk wanda ya taɓa zane ya adana kafin ya ɗaga hannu, kuma kullum da yamma a kwafa a filash biyu.

Wani abu kuma da Malam ya kama mu da shi: mun huda ramukan a jikin ƙarfen da ya riga ya lanƙwashe, alhali a bita a shimfiɗe ake hudawa sannan a lanƙwasa. Sai da muka lissafa tsawonsa a shimfiɗe. Ba da fuskar ciki ake lissafi ba, ba kuma ta waje ba, domin in an lanƙwasa ƙarfe cikinsa matsewa yake yi, bayansa ya miƙe. Da tsakiyar kaurin ake yi. Fallen namu milimita 2 ne, ke nan 151 sau 3.142, ya ba mu wajen 474.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kasuwar Ƙofar Ruwa. Mun tafi da takardar kaya da kuɗin da muka haɗa, mun dawo da wani injin daban da wanda muka zana.

A zane mun sa boris mai gida lamba 204, wanda sandar milimita 20 ke shiga. Mun zaga rumfa wajen bakwai, wanda muka samu guda ɗaya ne, shi ma in ka juya shi kana jin ƙasa a ciki. Lamba 205 kuwa ga shi nan jibge, kuma kuɗinsa bai fi wancan da wani abin kirki ba. Muka tsaya a bakin rumfa muna shawara, mai kayan ya ce, "Injiniyoyi, ku ɗauki babban mana, ai babba ya fi ƙwari." Mun ɗauka, amma ba don ƙwari ba, don babu zaɓi.

Sai da muka dawo muka ga abin da muka jawo. Lamba 205 sandar 25 take so. Ramukan ƙusoshin gindinsa tazararsu 105 ce, ba 95 ba. Makullin da ke riƙe ganga a jikin sanda ya tashi daga 6 da 6 ya koma 8 da 7. Mafi muni, tsayinsa daga gindi zuwa tsakiya 36.5 ne, na 204 kuwa 33.3. Wato ganga ta ɗaga sama da milimita 3.2, tazarar da muka wuni a kan tabarma muna nema ta tashi daga 20 ta koma 23.2 ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

A nan teburin lissafin ya biya wahalarsa. 'Yar'uwarmu ta canza lambobi huɗu, ganga da sanda da murfin gefe duk suka gyara kansu muna kallo. Ƙafafun injin kuwa, waɗanda mai laftof ya buga wa lamba da hannu, suka tsaya inda suke, ramukansu suna kallon gabas na boris na kallon yamma. Bai ce uffan ba. Ya ja kujera ya zauna, bai tashi ba sai bayan isha.

Ƙarfe mai kusurwa da muka saya a matsayin 40 da 40 mai kaurin 4, da muka ɗora masa baniya kaurinsa 3 da ɗan ɗoriya ne. Ba mu koma ba. Injin hannu ne, zai ɗauka. Amma na gyara lambar a zane, don kada takarda ta faɗi abin da babu shi a ƙasa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Injin waldar makaranta yana jiran gyara, Malam ya ba mu izinin kai aikin waje da sharaɗin mu tsaya a kai, mu riƙe, mu auna, kada mu ajiye mu tafi. Muka je wurin wani dattijo mai walda da ke bayan unguwar su shugabanmu, da takardunmu manya guda shida, kowace da ganin gaba da na sama da na gefe, da 'yar alamar nan ta kusurwa da ke nuna tsarin da aka bi wajen jera su.

Baba ya karɓa ya duba ta farko, ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ce, "Yara, wannan abu uku ne ko ɗaya?"

Shugabanmu ya fara bayani, wai wannan in ka tsaya a gabansa ne, wannan kuma in ka leƙo daga sama. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce a nuna masa abin yadda yake. Muka buɗe laftof muka juya masa injin a allo. Kafin minti ɗaya ya gane komai, har ya sa yatsa a kan mazurarin ya ce bakinsa ya yi tsaye da yawa, gyaɗa za ta zubo gaba ɗaya ta shaƙe gangar, a sa masa 'yar ƙofa mai ja. Mutumin da ya shekara talatin yana ƙera ƙofofi da injinan niƙa, ba ilimin ne babu ba, takardar tamu ce ba ta yi magana da harshensa ba. Shi da inci yake aiki. Abin da muke kira 40 shi inci ɗaya da rabi yake ce masa.

Da ya zo kan rariya sai ya girgiza kai. "Wa zai huda muku rami ɗari huɗu? Bakin diril nawa za ku saya?" Ya ce a lanƙwasa ƙarfe biyu su yi baka, a jera rodi a kansu a bar tsakani. Na yi lissafi a bayan takarda: rodi mai kaurin 8, tsakani 10, kowane ɗaya yana cin 18, wajen guda 26 ke nan. Ya fi sauƙi, ya fi araha, ya fi ƙwari, kuma gefen rodi a mulmule yake, ba zai yanki ƙwaya kamar bakin ramin da aka huda ba. Mako guda muka yi muna fama da ramukan nan a kwamfuta. Na so in ji haushi, amma babu wanda zan ji haushinsa.

Mun koma mun sake zana rariyar da rodi. Mun kuma buga bakan a takarda daidai girmansa na zahiri, muka manna a kwali muka yanke, domin Baba ya ce shi wannan ne zanen da yake so.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sandar juyi ta ƙi shiga boris. Mun ce a ba mu ta 25, aka ba mu ta inci ɗaya, wato 25.4. Ƙasa da rabin milimita, abin da ido ba ya gani, amma ko da guduma ba za ta shiga ba, kuma Baba ya hana a buga. An kai ta wurin mai injin fere ƙarfe ya rage bakinta biyu. Kuɗin da muka ware wa fenti ya tafi nan.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kwana uku muna rumfar Baba bayan an tashi daga aji. Jera rodin ya fi komai cin lokaci. Dabararsa ita ce ya sa gindin bakin diril mai lamba 10 tsakanin rodi da rodi, ya ɗan ɗiga walda a kowane gefe, ya zare, ya matsa gaba. Bai yarda ya cika waldar a jere ba, sai ya yi nan ya tsallaka can, domin zafi yana jan ƙarfe. Duk da haka da ta huce muka ɗora kwalin, bakan ya ɗan tsuke a baki da kusan milimita 3. A kwamfuta walda ba ta da zafi, sassa suna haɗuwa ne kawai su zauna lafiya. Baba ya kafa ta a ƙasa ya buɗa ta da ƙarfe har ta hau kwalin.

Ni ma na riƙe abin waldar sau ɗaya. Sandar waldar ta manne wa ƙarfen sau uku, na huɗun na huda shi. Baba ya ce, "Ɗana, koma kan awonka." Daren nan ban yi barci ba, idona kamar an zuba yashi, saboda na leƙa hasken ba gilashi.

Maratayan rariya mun yi musu dogayen ramuka maimakon zagayayyu, ta yadda in an sassauta noti huɗu za a iya ɗaga ta ko a sauke. Gyaran baki da magagari muka yi shi.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Gwajin farko, a gidan su 'yar'uwarmu, domin mahaifiyarta ƙuli-ƙuli take yi kuma ta ce a kawo ta gani. Muka zuba rabin tiya, Bahaɗeje ya kama mariƙi. Ƙarar ta fi yadda na zata, kaji suka watse. Amma ga gyaɗa tana zubowa ta ƙasa, ƙwaya da ɓawo a gauraye, mu kuma muna ta ihu kamar yara.

Da aka shiƙe muka ƙirga ƙwaya ɗari ba zaɓe: 34 sun fashe. Ga kuma waɗanda suka zurare da ɓawonsu, ƙananan nan da muka gani tun ranar awo. Muka sauke rariya tazara ta koma 24, fashewa ta ragu, amma sai manyan suka riƙa zagayawa a ciki ba sa ɓaruwa, hannun mai juyi yana gajiya a banza.

Umma tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana kallonmu. Ta ɗebi gyaɗar ta murza a tafin hannu ta ce, "Ku kuwa wannan ai ta bushe ƙayau, hunturu ya gama da ita. Ku yayyafa mata ruwa ku rufe ta da buhu ta kwana." Sannan ta tambaye mu wa muke ƙera wa injin. In irinta ne masu mai da ƙuli, fashewa ba ta dame ta ba, ai soyawa za ta yi ta kai niƙa. In kuwa manomi ne mai ajiye iri, ko jar fatar nan ta ƙwaya ce ta saluɓe ya yi asara, balle ta rabe biyu. Mako shida muna aikin nan, wannan tambayar ba ta taɓa zuwa bakin ɗayanmu ba, kuma babu gurbinta a teburin lissafin.

Muka ce mata, "Umma, duka biyun muke so." Ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta sa aka kawo mana ƙuli mai zafi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Mun maimaita da gyaɗar da ta kwana da danshi, tazara 22. Goma sha tara cikin ɗari suka fashe. Da sauƙi, amma mai iri ba zai karɓa ba tukuna. Malam ya zo da kansa ya juya, ya saurara, ya ce haƙoran gangar ƙarfe ne tsirara, dukan gyaɗar suke yi maimakon su murje ta. Shawarar da muka tsaya a kai ita ce a yanko robar tsohuwar taya a ɗaure a kan haƙoran guda huɗu. Robar tana da kauri, don haka za ta cinye tazarar, sai an rage tsawon haƙoran daidai kaurinta. Wannan karon mai laftof da kansa ya buɗe sabon layi a teburin ya rubuta "kaurin roba", ya bar gurbin lambar babu komai har sai mun samo tayar mun auna.

Malam ya kuma ce takardun da za mu miƙa dole su nuna injin da ke tsaye a rumfar Baba, ba wanda muka yi mafarkinsa a Janairu ba. Ke nan sai an bi sassa goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya da baniya da tef a gyara zane. 'Yar ƙofar mazurari ma ba ta cikin zanen sam, Baba ne ya yanka ta da ido.

Saura kwana biyu ko uku a ɗauki azumi, don haka aikin rumfa zai koma da sassafe kafin rana ta yi zafi. Maganar ƙananan gyaɗa masu zurarewa tana nan ba mu warware ba: shugabanmu yana son a ƙera rariya ta biyu mai tsakani 8 a riƙa sauyawa, ni kuma ina ganin a fara tankaɗe gyaɗar a ware manya da ƙanana kafin a zuba, tunda kuɗin rodi babu shi. Abin da ya rage a asusu ba zai wuce na noti takwas da kuɗin mota ba. Gobe bayan Juma'a ni da Bahaɗeje za mu bi wurin masu faci neman taya.